Baba Tizhe da Sawun Fitilun Vimtim

Mutum biyar ne a shagon haɗa fitilun sola na Nassarawo, kuma kowannensu akwai abin da ya rasa. Na'imatu, mai shagon, ta karanta ilimin lantarki, tana da kai tana da hannu, amma ba ta da haƙurin sauraron mutum in dai na'ura ta riga ta yi magana. Dorathy 'yar Vimtim, wadda take sa batir ta rufe fitila, ba ta da baki. Ko taka ta aka yi, ita ce mai cewa sannu. Ezekiya mai liƙa wayoyi da dalma ba shi da muryar waƙa, sai dai ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin gaya masa. Bobboi mai Keken kai kaya ba ya ɗaura agogo. Shi kuwa Kawu Alhassan, ƙanin mahaifiyar Na'imatu, wanda shagon yake jikin gidansa kuma makullin sito yake aljihunsa, ba shi da wani zance a duniya sai na ragonsa mai suna Ciyaman. Shekara uku ke nan yana cewa Talata mai zuwa zai kai shi kasuwa.

Akwai na shida, amma ba mutum ba ne. Akwatin katako ne da Na'imatu ta ƙera, da allurai shida a cikinsa da wata 'yar kwamfuta kamar tafin hannu. Ta rubuta wa kwamfutar umarni layi-layi: in an kifa fitila a kan alluran, ta auna ƙarfin wutar batir, ta kunna fitilar ta sake aunawa ta ga ko batir ya rusuna, sannan ta auna bakin da ake cajin waya, wanda ya kamata ya tsaya kusa da bolt biyar. In komai ya yi daidai, koren ƙwai ya kama, 'yar firinta ta fito da sitika, a manna a kan sukurun fitilar yadda ba za a buɗe ta ba sai an yaga. In batir ya gaji, jan ƙwai ya kama, akwatin ya yi ƙara kamar an taka ɗan akuya. Ma'aikata suka sa masa suna Alƙali. Kowa an koya masa aiki da shi, duk wanda hannunsa ya huta sai ya gwada fitilun da ke kan faranti. Na'imatu takan ce, “Har Kawu ya iya.”

A tsakiyar bazara, zumuntar matan wata majami'a a Vimtim suka karɓi fitila arba'in. Kafin kwana uku, sha biyu suka dawo a cikin buhu, a kan babur, tare da shugabar matan da kanta, wadda kuma surukar Dorathy ce. Fitilun ba sa kai minti goma sai su mutu. Aka duba, sitikokinsu lafiya lau. Aka yaga aka buɗe, sai ga tsofaffin batura masu tsatsa a ciki. Sababbin, masu koren riga, sun yi ƙafa.

Kafin la'asar unguwa ta gama shari'a. Mai shayi ya ce aljanu ne, mai faci ya ce 'yan Kamaru ne, amma yawancin bakuna a kan Dorathy suka tsaya, tunda ita ce mai riƙe batir. Na'imatu ta ce ran Asabar Dorathy za ta ajiye aiki. Surukar ta ƙara da cewa ran Lahadi Dorathy za ta tsaya gaban mata a Vimtim ta yi bayani. Dorathy ta miƙe. Ta ɗaura ɗankwali ta tafi gindin dalbejiyar da Baba Tizhe yake zama.

* * *

Baba Tizhe ya yi shekara talatin yana bin sawun shanun sata daga kasuwar Mubi har cikin duwatsu, kafin gwiwoyinsa su ce sun gaji. Bai yi boko ba, bai taɓa riƙe waya mai gilashi ba. Amma shi ya nemo wa marigayi mahaifin Na'imatu bijimai tara a wata shekara, saboda haka da ya dogara sanda ya shigo shagon ran Alhamis da safe, ba ta da yadda za ta yi sai ta ba shi kujera.

“Baba, wannan fa ba saniya ba ce,” in ji ta cikin ladabi. “Batir ba ya barin sawu.”

“Duk abin da ya tashi daga nan ya koma can ya bar sawu, 'yata. Nuna mini Alƙalin naku.”

Ta nuna masa. Ya sa ta gwada fitila mai kyau, kore ya kama. Ya sa ta gwada ɗaya daga cikin sha biyun, akwatin ya tsala ƙara har Baba Tizhe ya saki sanda.

“To,” ya ce bayan ya ɗauko ta. “Yau ya ƙi ta. Yaya aka yi ya yarda da ita wancan makon?”

“Abin da ya hana ni cin abinci ke nan. Alƙali ba ya ƙarya.”

“Yana faɗin ranar da aka kawo masa kowace fitila?”

Na'imatu ta ɗan sunkuyar da kai. “Ba shi da agogon kansa. Duk sanda aka kashe shi sai ya manta. A wurinsa kullum ɗaya ga Janairu ne.”

“Ashe ɗan'uwan Bobboi ne.”

Ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa cikin akwatin, ya shafa gindin alluran da ɗan yatsa. Wani gari-gari ya biyo yatsan. Ya shinshina, ya ɗanɗana, ya goge a rigarsa. Sannan ya juya ga Dorathy ya tambaye ta yadda take aikinta. Ta ce da safe Kawu yake ƙirgo mata sababbin batura daga sito, ta sa, ta ɗaure sukuru, ta jera fitilun a faranti, wanda ya samu sarari ya gwada.

“Tsofaffin da kuke cirewa daga fitilun gyara fa?”

“Suna kwando a bakin sito, Baba. Kowa yana wucewa ta wurin.”

* * *

Bobboi ne Baba Tizhe ya fara nema, don an ce ranar kai kaya ya yi awa uku a hanyar da ake yi a rabin awa. Ya same shi yana goge Kekensa.

“Go-slow ne, Baba, wallahi,” in ji Bobboi.

Baba Tizhe ya zagaya Keken sau ɗaya. “A hanyar Vimtim? Wannan laka ta bakin kogi ce, ba ta hanyar Vimtim ba. Ga ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin kujera. Ga kuma gashin akuya, fara da baƙa.”

Bobboi ya dubi ƙofar shago, ya rage murya. “Baba, ku rufa mini asiri. Buhu huɗu ne kawai na kai wa wata mata Gella. Akuyoyin kuma a hanya suka tsayar da ni.”

“Akuyoyin ne suka ɗaga hannu?”

“Mai su ne.”

“Kwalin fitilun fa?”

“A kansa akuyoyin suka zauna. Ban ko taɓa shi ba.”

Baba Tizhe ya yarda. Mutumin da ya bar akuya ta zauna a kan kaya bai san darajar abin da ke ciki ba, balle ya zauna ya buɗe fitila sha biyu ba tare da ya yaga sitika ko ɗaya ba.

Ezekiya ya fi ba da wahala. A ƙarƙashin teburinsa akwai wata sabuwar lasifika da ya haɗa da hannunsa, lulluɓe da tsumma, kuma da aka tambaye shi me ke ba ta wuta sai gumi ya keto masa. Na'imatu ta kawo sukundireba. Aka buɗe, sai ga baturan tsohuwar kwamfuta, shuɗɗa, ba ko ɗaya mai koren riga.

“To me kake ɓoyewa?” in ji Baba Tizhe.

“Shugaban mawaƙanmu ya ce in riƙa tsayawa a baya,” in ji Ezekiya cikin takaici. “Ya ce don tsayina ne. Na haɗa wannan ne don jama'a su ji ni daga bayan. In gwada muku?”

“A'a,” in ji mutum uku a tare.

Kawu Alhassan yana kan benci a ƙofar gida yana fifita da kwali, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Suka gaisa da Baba Tizhe irin gaisuwar tsofaffin 'yan kasuwa, har da tambayar gwiwa da baya.

“Ni dai ban ce ita ce ba,” in ji Kawu. “Yarinya ce mai kunya. Amma ka san zamani.”

“Na sani. Yaya Ciyaman da wannan zafi? Bara na ji an ce ya kusa tafiya.”

Fuskar Kawu ta washe. “Bana ai ba ka gan shi ba! Ko haki ba ya yi. Yana cin dusarsa kamar a damina.”

“Ikon Allah. Mu gaishe shi mana.”

“Yana barci,” in ji Kawu da sauri. “Ba ya son a tashe shi.”

Baba Tizhe ya dubi Kawu da ke narkewa a inuwa, ya tuna da ragon da ba ya haki a cikin ɗakin kwano, ya kuma tuna da ɗanɗanon garin da ya laso daga cikin Alƙali. Amma zato ba sawu ba ne. Ya koma cikin shago.

* * *

“Alƙalin nan, in ya yanke hukunci, yana ajiye wani abu?” ya tambayi Na'imatu.

“Kowace fitila layi ɗaya. Na duba sau biyar, Baba. Duk arba'in ɗin sun ci.”

“Fito mini da shi a takarda.”

Ta buga masa, ta miƙa, tana ƙoƙarin kada ta yi murmushi, don ya riƙe takardar a juye. Bai damu ba. Ya shimfiɗa ta a ƙasa a bakin ƙofa inda rana take bugowa a karkace, yadda yake yi da sawu, ya tsuguna a kanta.

“Wannan jerin na ƙarshe, da duk iri ɗaya ne, me yake cewa?”

“Cewa yake ta ci.”

“Shi kike karantawa?”

“Ai shi ne amsar.”

“Wannan na kusa da shi fa?”

“Ƙarfin wutar bakin caji ne. Muddin yana tsakanin 4.9 da 5.1, lafiya lau ne.”

“Me ya sa ba su zama ɗaya ba, tunda hannu ɗaya ya haɗa su?”

Ta yi masa bayani a hankali. Ƙananan kayan da ke cikin kowace fitila ba sa taɓa zama daidai wa daida. Wata za ta ba da biyar da ɗan ɗori, wata ta gaza kaɗan, kuma abin da fitila ta ba da yau shi za ta ba da gobe.

“Wato kowacce da kofatonta,” in ji Baba Tizhe.

Ya ɗauki tsinke ya bi jerin daga sama zuwa ƙasa. Bai san sunan lamba ko ɗaya ba, amma siffa ba ta ɓace masa. Ya daɗe. Can ya ɗago.

“Shanu nawa kika ce sun wuce nan?”

“Fitila arba'in.”

“Ashirin da tara ne. Ga wata nan, mai ƙwai da sanda da mai tozo biyu. Ga ta, ga ta kuma, ga ta har yanzu. Sau sha biyu ta bi hanyar nan, a jere, ba wadda ta shiga tsakaninsu.”

Na'imatu ta fizgi takardar ta juya ta daidai. 5.013. 5.013. 5.013. Ta ƙirga da yatsa har sha biyu, sannan ta zauna a kan kwali.

“Tsohuwar dabara ce,” in ji Baba Tizhe. “Ɓarayin shanu sukan ware saniya ɗaya, su yi ta kai ta suna dawo da ita a kan hanya guda, don mai bin sawu ya ɗauka garke ne ya bi ta can. Wani ya kifa lafiyayyar fitila ɗaya sau sha biyu, ya karɓi sitika sha biyu, ya manna wa marasa lafiya. Akwai fitilar da ba ta cikin kayan sayarwa amma tana shiga shagon nan?”

“Na ba kowa ɗaya kyauta ranar da muka buɗe.”

“To gobe da safe kowa ya zo da tasa.”

* * *

Ran Juma'a da hantsi shagon ya cika. Surukar Dorathy ta zo daga Vimtim ta zauna da jakarta a cinya. Mai shayi da mai faci sun rufe taga da kawunansu. Na'imatu ta rubuta 5.013 da alli a jikin ƙofa, ta bayyana wa kowa abin da ake nema.

Dorathy ta fara. Ta tsaya da fitilarta a gaban Alƙali har sai da Baba Tizhe ya ce, “Kifa ta, 'yata, ba ya cizo.” Kore ya kama. Na'imatu ta karanta da ƙarfi: 5.041. Surukar ta gyara zama.

Ta Ezekiya ta ba da 4.978. Ya fara rera godiya, aka roƙe shi ya bari.

Ta Bobboi tana taɓa alluran Alƙali ya kurma ihu, ja ya kama.

“Fasinjoji ne suke caji da ita,” in ji Bobboi. Ya ga idon Na'imatu. “Wato... 'yan'uwa.”

Na'imatu ta kifa tata ita ma, don kada a ce. Ba ita ba ce. Sai idanu suka koma kan Kawu Alhassan, wanda ya zo hannu biyu.

“Tawa ta ɓata,” in ji shi. “Tun sanyi.”

“Allah ya mayar da alheri,” in ji Baba Tizhe. “Sai dai jiya na laso dusa a cikin Alƙali, Malam Alhassan, kuma ban ga mai cin dusa a shagon nan ba. Ko Ciyaman ya tashi daga barci?”

“Ba ya son taro.”

“Kawu,” in ji Na'imatu a hankali, “ba ni makullin.”

Duk suka ɗunguma zuwa bayan gida, har da mai shayi da butarsa. Tun kafin a buɗe ƙofar kwanon ake jin wani sauti, fir-fir-fir. Aka buɗe. Ga Ciyaman kwance a kan buhu, ƙato kamar ɗan maraƙi, ya lumshe ido yana tuƙa. A gabansa fanka ce tana juyawa, gashin wuyansa duk ya kwanta gefe ɗaya. A bayan fankar, ɗaure da baƙin salatif, ga batura sha biyu masu koren riga, da wayar da ta haura rufi zuwa wani ɗan faifan sola. A kan ƙusa kuma, sama da kwanon dusa, ga fitila a rataye, ta yi fari fat da gari.

Surukar Dorathy ta riƙe haɓa. “Ni da nake mutum,” ta ce, “da murfin tukunya nake fifita.”

Aka kawo fitilar aka kifa. Kore ya kama. Na'imatu ba ta karanta ba, ta juya wa jama'a gilashin kwamfutar su gani da kansu, su dubi ƙofa: 5.013.

Kawu ya cire hula ya share gumi. “Aro na yi,” ya ce. “Da an yi ruwan farko zan mayar. Ku ba ku ga yadda yake haki bara ba. Harshensa har ƙasa. Na kai wa mai gyaran rediyo ya haɗa mini. Na ɗauka tsofaffin za su ɗan riƙe matan zuwa damina.”

“Da aka ce Dorathy ce fa?” in ji Baba Tizhe, ba da faɗa ba. “Ita ma zuwa damina za ta riƙe?”

Kawu ya murɗa hularsa a hannu. Ya juya wajen Dorathy, ya kasa kallon idonta. “Ki yafe mini, 'yar nan. Kullum ina cewa gobe zan faɗa.”

“Kamar Talatar kasuwa,” in ji Bobboi.

Dorathy ta ɗago kai ta dube shi. Kowa ya ɗauka sannu za ta ce, kamar yadda ta saba.

“Na yafe, Kawu,” ta ce. “Amma ran Lahadi an ce wani zai tsaya gaban mata a Vimtim. Ba ni ba ce.”

Surukarta ta dube ta daga sama har ƙasa, kamar yau ta fara ganinta, sannan ta ce, “Ƙarfe goma muke tashi daga sujada. Kada ya makara. Mu sittin ne.”

* * *

Haka aka yi. Dorathy ta mayar da baturan cikin fitilun da hannunta, Alƙali ya amince da su ɗaya bayan ɗaya, kowacce da lambarta daban. Ran Lahadi Bobboi ya ɗauki Kawu da kwalin zuwa Vimtim, kuma an ce a ranar rabin awa ya yi cif, don yana son ya samu wurin zama a gaba. Makullin sito ya koma hannun Dorathy. Shi kuwa Ciyaman, Baba Tizhe ya sa aka yi masa aski aka ɗaure shi a inuwar mangwaro, inda ya yi kwana biyu yana fushi sannan ya ci gaba da cin dusa.

Ran Litinin Baba Tizhe ya leƙo ya tarar da Na'imatu a gaban kwamfuta. Ta ce ta ƙara wa Alƙali layi huɗu: in lamba ɗaya ta zo masa sau biyu a jere, ya ƙi ba da sitika, ya yi ihu har sai ta zo da kanta.

“Madalla. Kin ba wa Dorathy haƙuri?”

“Tun ran Juma'a, Baba. A gaban kowa.”

Ya gyaɗa kai, ya dogara sandarsa ya koma gindin dalbejiya. Yarinyar da ya sani tun tana bin mahaifinta kasuwa da tallan ruwa ta gane abin da yake so ta gane. Alƙali bai yi ƙarya ba; abin da aka tambaye shi ya amsa. Ita ce ta karanta kalma ɗaya a ƙarshen layi, ta kusa korar mutum a kanta.